Horon Sabon Inji a Hanyar Jibiya

Duk wanda ya sayi sabuwar Hilux ko Land Cruiser domin zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, ina roƙonsa ya yi wa injinta haƙuri a kilomita 1,000 na farko. A wannan zangon ne ringin fistan ke gogar bangon silinda har ya zauna daram. Idan aka matsa masa tun da wuri, injin na iya fara shan baƙin mai, ƙarfinsa ya ragu, mai mota ya koma ɗan gida a gareji.

Sharuɗɗan da kamfanin Toyota ya gindaya ba su da wuya: kada a ja tirela kafin kilomita 800, kada a danna totur farat ɗaya, kada a daɗe a ƙaramin giya ko a gudu iri ɗaya.

Iyakarmu kuma tana da tata jarrabawar. A layin Kwastan na Magama, direba kan bar inji yana aiki mota na tsaye. Gara ya kashe shi. Yashin hanyoyin ƙauye ƙaramin giya yake buƙata, don haka a jinkirta shigarsa, a bi kwalta ta Ɗan Isa tukuna. Man jarka na bakin titi ma a guje shi, domin ƙura da ruwa kan shiga cikinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.