Kurar da Ta Iya Kwance Igiya

Duk shekara, da zarar dawa ta yi tsayi ta rufe turbar da ke tsakanin gonaki, sai labarin dodanni ya taso a ƙauyukanmu na wajen Bichi da Tsanyawa da Kunci. Wannan ya ga Doguwa a gindin tsamiya, wancan ya ga abu mai idanu kamar garwashi ya gitta masa. Bana kuwa kura ce. Awaki uku suka ɓace a unguwarmu, aka ce kura ce mai tafiya da ƙafa biyu, wato mutum ne yake rikiɗa. Kafin Lahadi ta zagayo har an fara raɗa sunan wani tsoho da ke zaune shi kaɗai a bayan gari. Cikin masu raɗar, 'yan'uwa, akwai waɗanda nake gani a sahun gaba lokacin sujada.

Ban ɗauki alƙalami don in yi wa kowa dariya ba. Ni ma jikan Maguzawa ne, da sunayen Inna da Kure da Sarkin Rafi na tashi, iskokin nan da wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zo ƙasar Kano ya yi bincike a kansu, ya fitar da littafi a 1946. Na kuma san tsoro yana sa mai gaskiya ya ga abin da babu. A Markus sura 6, almajiran Yesu da kansu sun hango shi da dare bisa ruwa, suka zaci fatalwa ce, suka yi ihu. Wani lokaci kuma akwai dabba ta gaske a bayan labarin. Ayu yana nan a kogin Binuwai da Kwara, yana shayar da ɗansa nono, ba mamaki masunta su ba da labarin macen ruwa.

Amma fa akwai dodon da mutum yake ƙerawa da hannunsa. Hoton dodon tafkin Loch Ness na ƙasar Sikotlan, wanda aka buga a 1934, ya ruɗi duniya shekara 60, sai a 1994 ta bayyana cewa jirgin wasan yara ne aka ɗora wa kai da wuya. Ba sai mun je Turai ba ma. A 2019 labari ya bazu cewa goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 a gidan namun daji na Kano, har Gwamna Ganduje ya fito ya ce babu goggon biri ko ɗaya a gidan.

To, mu koma kan awakinmu. Daga Dawanau har Bichi gona tana manne da gona, ko makiyayi da ƙyar yake samun burtali. A wane dajin kurar take wuni? Kura in ta kama akuya tana barin jini da sawu da ƙashi. Na je gida biyu daga cikin ukun na duba da idona. Babu jini, turke yana nan, igiya kuma kwance ta aka yi, ba tsinkewa ta yi ba. Irin wannan kura a kara ake cigiyarta, wajen dillalai.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda irin wannan labari yake rufa wa mai laifi asiri. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Lodi ne ya fi ƙarfin jirgin. Duk da haka na ji wani a mota yana cewa aljanin ruwa ne ya karɓi rabonsa. Wanda ya gaskata haka ba zai ƙirga fasinja ba, ba zai nemi rigar kariya ba, gobe ma ɗansa zai sa a jirgin.

Littafi Mai Tsarki bai musunta aikin Shaiɗan ba, ni ma ban musunta ba. Sai dai Fitowa 20:16 ta hana shaidar zur a kan maƙwabci, Maimaitawar Shari'a 19:15 kuma ba ta yarda a kama mutum da bakin shaida guda ba. A nan ko guda ɗin babu. Duk wanda na tambaya, sai ya ce ai wane ne ya gani, wanen kuma ya ce matarsa ce ta ji a bakin rijiya. Mu da muke 'yan tsiraru a wannan ƙasa ya kamata mu fi kowa sanin abin da jita-jita take jawowa in ta tara samari da sanduna.

Na roƙi dattawan ikilisiya su je wurin mai unguwa a sa samari sintiri har a gama girbi. Tsohon nan kuwa sana'arsa saƙar zana, tun da raɗar ta fara babu wanda ya taya masa ko ɗaya. Dangar gidana ta faɗi da damina. Jibi zan je in sayi uku, in ɗauko su a ka ta tsakiyar gari.