Tocila Mai Araha Da Mai Tsada: Ina Bambancin Yake?

Sanin kowa ne da wuya a shiga gida a ƙasar nan, birni ko ƙauye, a rasa tocila. Da ita ɗalibi ke bitar karatu in an ɗauke wuta, da ita mai gadi ke zagaye, da ita kuma manomi ke komawa gida in dare ya riske shi a gona. A kasuwa ga ta roba mai araha, ga kuma ta ƙarfe wadda kuɗinta kan ninka na waccan sau goma ko fiye. Shin me mai sayen ta biyun yake biya?

Ba ƙwan yake biya ba, domin dukansu ƙwan LED ne a ciki. A 1962 ne Nick Holonyak ya ƙera mai jan haske a Amurka, amma shuɗi mai ƙarfi bai shiga kasuwa ba sai 1993, ta hannun Shuji Nakamura na kamfanin Nichia a Japan. Shi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano sun sami lambar Nobel a 2014 saboda wannan aiki. Farin hasken da ake gani a tocila shuɗin nan ne, aka lulluɓe shi da wani sinadari mai mayar da sashensa rawaya, su biyun suka gauraya. Tsohon ƙwan tocila mai zare kan ba da lumen 10 ko makamancin haka a kowane wat, lumen kuwa shi ne ma'aunin yawan haske. Ƙwan LED mai kyau yana wuce lumen 100. Don haka ko tocilar araha ta yau ta fi wadda iyayenmu suka riƙe haske nesa ba kusa ba.

Matsala ta farko tana jikin kwali. Akan ga ƙaramar tocila mai batir ɗaya an rubuta mata lumen 100,000. Ɗalibin kimiyya zai iya ƙaryata wannan da alƙalami. Wannan haske yana buƙatar kimanin wat 1,000, wato abin da dutsen guga na lantarki ke ci. Batirin litiyam samfurin 18650, wanda aka fi sa wa irin waɗannan tociloli, ko mafi ingancinsa bai cika wuce 3,500 mAh ba. Da zai iya ba da wannan ƙarfi, ba zai kai minti ɗaya ba zai ƙare. Haka nan batirin wannan girma da aka rubuta wa 9,900 mAh, rubutu ne kawai. Tun 2009 akwai ƙa'idar gwaji a Amurka mai suna FL1, wadda kamfanoni masu kishin sunansu ke bi. A ƙarƙashinta ana auna haske bayan daƙiƙa 30 da kunnawa, ana kuma ƙirga daɗewar batir har zuwa lokacin da hasken ya sauko zuwa kashi 10 cikin 100. Wani ɓangare na tsadar tocila mai suna, kuɗin wannan gaskiya ne.

To, amma fa idon ɗan Adam ba ya ƙirga lumen kamar yadda na'ura ke yi. Sai an ninka haske kamar sau huɗu kafin ido ya ga ya ninku sau biyu. Bugu da ƙari, a tantanin bayan ido akwai ƙwayoyin halitta masu siffar sanda, su ne ke gani cikin duhu. Haske mai ƙarfi yana wanke sinadarin da suke aiki da shi, kuma sukan ɗauki kusan minti 30 kafin su farfaɗo sosai. Ke nan wanda tocilarsa mai ƙyalli ta mutu farat ɗaya a tsakiyar hanya ya fi wanda tun farko bai kunna kome ba makancewa.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, da dare take fitowa, launinta kuma ya saje da ƙasa. Duk wanda ya san yadda ake tururuwa zuwa asibitin saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe lokacin shuka da girbi, ya san abin da taku ɗaya cikin duhu ke jawowa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma riƙe fitila da dare yana cikin matakan kariya mafi sauƙi. Mai tafiya a irin wannan hanya ba ya buƙatar hasken da zai kai ƙarshen gari. Lumen 100 da ba za ta yanke ba ta fi masa lumen 1,000 da ba ta da tabbas.

A nan ne tocilar araha ke gazawa, kuma da wuya laifin ya zama na ƙwai. Makunni ne ke fara lalacewa, ko ƙurar hunturu ta shige shi, ko laimar damina ta sa masa tsatsa. Jikin roba ba ya fitar da zafi kamar alminiyam, zafi kuwa yana dusashe ƙwan LED a hankali. Mafi muni shi ne batir. Yawancin tocilolin caji masu araha ƙaramin batirin dalma ne a liƙe a cikinsu, shi kuwa in aka bari ya zuƙe ƙurmus sau da yawa, ba ya sake riƙe caji. Sai a yar da tocilar ɗungurungum a juji, inda yara ke wasa, alhali dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Wanda ya sayi irinta huɗu a shekara, araha ba ta yi masa ado ba.

Duk da haka, ba hujja ba ce a ce kowa ya nemi mafi tsada. An yi su ne domin 'yan kwana-kwana da masu aikin ceto, kuma yawan kuɗinsu na suna ne da ƙarin hasken da mai zuwa masallaci da asuba ba ya buƙata. Ta tsakiya ta wadatar, muddin jikinta alminiyam ne, batirinta ana cire shi a sauya, tana da matakin ƙaramin haske, kuma da zoben roba a murfinta. Alamar IPX4 na nufin tana jure feshin ruwa, IPX7 kuwa nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30.

Malamai na iya mai da wannan darasi a ɗakin gwaji. A cika batirin tociloli biyu, a kunna su lokaci guda cikin ɗaki mai duhu, kowace mita ɗaya daga na'urar auna haske, ko wayar hannu mai irin wannan manhaja. A rubuta awo duk bayan minti 15, ɗalibai su zana jadawali. A kuma sa su taɓa kan kowace tocila su rubuta wadda ta fi ɗumi, sannan su yi bayanin abin da ya sa ɗumin jikin ta alminiyam alama ce mai kyau.