Zauren Iyali: Ɗanmu Zai Tafi Koyon Sifaniyanci, Me Muka Faɗa Masa Game da Dare?

 

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bak ya fito, gidaje da yawa sukan shiga shawarar inda yaro zai nufa. Da can ba a cika sanin wata hanya ba sai ta Faransa, ko Maroko, ko ƙasashen Larabawa. Yanzu kuwa akan sami wanda zai ce shi Sifaniya yake so, don ya koyo Sifaniyanci. Ba mu ga laifinsa ba. Harshe ne da mutum kusan miliyan 500 suka sha a nono, shi ne harshen gwamnati a ƙasashe 20, har da Gini Ikwatoriya a nan Afirka, kuma yana cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya. Wanda ya haɗa shi da Faransanci da Hausa ba zai rasa abin yi ba, ko a aikin tafinta, ko a ƙungiyoyin agaji, ko a kasuwanci.

To, idan tafiya ta taso, uwaye sukan yi ɗawainiyar fasfo da biza da rigar sanyi, uwa ta ƙulla kilishi da yaji, uba ya yi nasihar da aka saba: ka riƙe salla, ka kiyayi abokan banza. Nasiha ce mai kyau, sai dai a dunƙule take. Abin da zai fi gwada yaron a can shi ne dare, kuma shi ne abin da ba mu cika warware masa ba, don mu kanmu ba mu san yadda daren ƙasar yake ba.

Mu ɗauki birnin Garanada misali, tunda yana cikin garuruwan da baƙi suka fi zuwa koyon wannan harshe, tare da Salamanka da Madrid da Sebiya. Shi ne Garnaɗa ta littattafan Larabci, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, wadda ta faɗi a 1492. Ba baƙon gari ba ne ga tarihinmu: a can aka haifi Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leyo ɗan Afirka, mai littafin da aka buga a 1550 wanda ya ambaci Agadas da Gobir da Katsina da Kano. Jami'ar garin an kafa ta a 1531, kuma tana da cibiya ta musamman mai koyar da baƙi Sifaniyanci. Ɗalibinmu zai ji kalmomin da kunnensa ya sani: magajin gari su “alcalde” suke ce masa, tushensu ɗaya da alƙali namu; sukari kuma “azúcar”.

Ga lissafin da ya kamata kowane uba ya yi. Darasin harshe mai zurfi galibi awa 4 ne a yini, wato awa 20 a mako. Mako kuwa awa 168 ne. Saura awa 148 ke nan a hannun yaro, babu mai tambayarsa ina za ka, ina ka fito. Kuma malaman da kansu za su gaya masa gaskiya, cewa aji nahawu kawai yake bayarwa, baki ba ya sakuwa sai cikin mutane. Mutanen kuma ba su da lokacin hira sai da dare.

Dalili shi ne agogon Sifaniya ba irin namu ba ne. Tun 1940 gwamnatin Janar Faranko ta tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya, ba a kuwa mayar da shi ba. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma akan ƙara wata awar. Shi ya sa ake cin abincin rana ƙarfe 2 ko 3, na dare kuma ƙarfe 9 ko 10. A Yamai magariba ba ta wuce ƙarfe 7 da rabi duk shekara. A Garanada kuwa, cikin watan Yuni, rana ba ta faɗuwa sai bayan 9 da rabi, lisha ta kai bayan 11, alhali asuba na nan wajen ƙarfe 5. Mu da muka tashi da cewa dare mahutar bawa, sai mu tarar da ƙasar da ƙarfe 10 na dare tsofaffi na zaune a dandali, jarirai na cikin kekensu, iyali duka na waje suna shan iska.

A nan ne muke so uwaye su fahimci abu guda: daren Sifaniya biyu ne, ba ɗaya ba.

Dare na farko yana farawa wajen ƙarfe 8 ya kai 12. Shi ne na cin abinci, da yawon shan iska, da kallon ƙwallo, da zaman hira. A Garanada al'ada ce idan mutum ya sayi abin sha a kawo masa ɗan abinci kyauta, abin da suke kira “tapa”, kuma wanda ya sayi lemun kwalba ma ana kawo masa. Akwai wani lungu mai suna Calderería Nueva, cike da gidajen shayi irin na Maroko. Akwai kuma zaman musayar harshe, inda ɗan gari mai son Faransanci zai zauna da baƙo, rabin lokaci a yi wannan harshe, rabi a yi wancan. A nan ɗanmu yana da jari a bakinsa, don Faransancin da ya koya a lakkol abin nema ne.

Dare na biyu shi ne wanda ke farawa bayan tsakar dare. Gidajen rawa ba su cika sai wajen ƙarfe 2 ko 3, ba a watsewa sai gari ya waye. Kafin a shiga, samari sukan taru a fili da kwalaben giyar da suka sayo a kanti, abin da ake kira “botellón”. Hukumar birnin Garanada har fili ta keɓe wa wannan taro a 2007, da abin ya ishi mazauna unguwa sai ta rufe shi a 2016. Ɗalibai kuma sun fi fita ranar Alhamis da dare, wato daren Juma'a a lissafinmu. Wanda ya dawo ƙarfe 7 na safe ya riga ya yi asarar asuba, aji ya wuce shi, kuma da wuya ya farka ya riski huɗuba. Sifaniyancin ma ba a koyonsa a can, don inda kiɗa ya cika kunne babu mai jin maganar wani.

Kuskure biyu ake yi a gidajenmu. Wani uban, don tsoro, sai ya ce: daga aji sai ɗaki. Yaron zai yi biyayya, ya zauna shi kaɗai da wayarsa yana hira da ƴan gida da Hausa, shekara ta ƙare kuɗi sun tafi harshe bai zo ba. Kaɗaici kuma shi ma mugun abokin shawara ne. Wani uban kuwa ba ya cewa komai, sai yaro ya ɗauko karin maganar nan ta cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. To, tsumman da za a ɗaura shi ne harshensu da gaisuwarsu da lokacin cin abincinsu. Bai kai ga kwalba ba.

Saboda haka ga abin da muke ganin ya dace a zauna a tattauna da yaro, namiji ne ko mace, tun kafin a raka shi filin jirgi.

Na farko, ya riƙe dare na farko, ya bar na biyu. Ya fita, ya yi abokai, ya ci abinci da su, amma ya sa wa kansa lokacin komawa, ya kuma faɗa musu tun ranar farko cewa shi ba ya shan giya. Maganar da aka yi tun farko cikin fara'a ta fi sauƙin karɓuwa bisa ga wadda aka yi bayan an miƙo kofi. Yawancin wuraren cin abincinsu ana sayar da giya a ciki, don haka ya zaɓi wurin zama da idon basira, shi ma ya riƙa gayyatarsu gidan shayi ko ya dafa musu shinkafa da miyar gyaɗa a masauki.

Na biyu, ya haddace kalmomin abinci kafin na soyayya. “Cerdo” alade ne, “jamón” cinyarsa ce da aka busar, kuma takan faɗa cikin abincin da ba a zata ba. “Manteca” kitsensa ne da ake sawa a wasu kayan fulawa. “Sin alcohol” na nufin babu giya.

Na uku, a kula da masauki. Zama cikin iyalin ƴan gari ya fi saurin buɗe baki, muddin an yi musu bayanin abinci da salla tun a rubuce. Gidan haya na haɗaka ya fi araha, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A san su wa za a zauna da su.

Na huɗu, ya nemi masallaci a makon farko. Musulmin Sifaniya sun haura miliyan 2. A unguwar Albaisin an buɗe Babban Masallacin Garanada a 2003, yana fuskantar fadar Alhambra. Wanda ya saba da sahu zai sami manya da za su nemi labarinsa idan ba su gan shi ba, kuma a bakinsu zai ji Sifaniyanci.

Na biyar, a yi maganar kuɗi da doka ɓaro-ɓaro. Ma'aunin da hukuma ke duba abin hannun ɗalibi da shi an tsayar da shi Yuro 600 a wata a 2023, kusan jika 394 na sefa. Dokar tsaron jama'a ta 2015 kuwa ta sa tarar da ta fara daga Yuro 601 ga wanda aka kama da wiwi ko wata ƙwaya a bainar jama'a. Kuskuren dare ɗaya ya cinye guzurin wata ke nan. Ga ɗiya mata musamman: kada a bar kofi a tebur a dawo a sha, kada a koma gida ita kaɗai, kuma lambar neman agaji 112 ce.

Na shida, a sa wa tafiyar ma'auni. Cibiyar Cervantes, wadda gwamnatin Sifaniya ta kafa a 1991, ita ke shirya jarrabawar DELE, mai matakai 6 daga A1 zuwa C2. A yi yarjejeniya da yaro kan matakin da zai kawo gida. Mai jarrabawa a gabansa ya san darajar safiya.

Mu kuma da muka rage a gida, kada kiranmu ya zama na tuhuma kullum. Agogonmu da nasu ɗaya ne lokacin sanyi, da bazara kuma suna gabanmu da awa ɗaya. Mu tambaye shi me ya ci, da wa ya zauna, wace kalma ya koya yau. Yaron da ya san zai iya ba uwarsa labarin darensa ba tare da an yi masa tsawa ba, da wuya ya tafi inda zai ji kunyar faɗa.

Allah ya tsare mana zuri'a a gida da daji, ya ba su ilimi mai amfani, ya dawo mana da su da mutuncinsu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.