Nanterre: ƙungiyar unguwa da ta riƙe antirena guda shekara 37



Ran asabar da ta wuce, cikin filin wasanni, wani saurayi ya kira ni daga Tasawa. Tambayarshi guda ce: wai dogon yaron nan Victor Wembanyama, da ake ta nuno shi a tele yana buga basket a Amurka, daga wace babbar ƙungiya ya fito? Na ce mishi daga Nanterre. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ina ne kuma nan?" Lokaci ya ƙure mini, mai kula da na'ura yana ta ɗaga mini hannu ta bayan gilashi, sai na yi alkawarin kawo amsar a rubuce. Ga ta nan, kuma ta fi tsawon da na yi niyya.

Na san akwai mai cewa: a wanga lokaci da muke ciki, me ya kai ka zancen ƙungiyar Faransa? Ban zo yabon gwamnatin kowa ba. Zancen wasu talakawan unguwa na zo yi, waɗanda suka gina abu da hannunsu, kuma ina ganin akwai abin da ya kamata masu riƙe da ƙungiyoyinmu su ji a ciki.

Nanterre gari ne na ma'aikata a yamma da Paris, manne da dogayen benayen La Défense. Mutanenshi ba su kai dubu 100 ba, Maraɗi ta ninka shi. A shekarun 1950 da 1960 nan ne dubban ma'aikata baƙi, mafi yawansu ƴan Aljeriya, suka zauna cikin bukkokin kwano da katako, ba ruwa ba wuta. Kuma nan ne ɗan sanda ya harbe matashi Nahel a watan Yuni 2023, har rikici ya bazu ko'ina cikin ƙasar. Ba unguwar masu kuɗi ba ce. An kafa ƙungiyar a 1927, sunanta JSF Nanterre, harafin F ɗin daga Fontenelles ne, sunan wata unguwar garin. Yanzu ana ce mata Nanterre 92, lambar jiharsu ke nan. Launinta kore da fari.

Shekara 60 ta yi ba wanda ya san da ita sai maƙwabta. A 1987 tana can ƙasan ƙasa, a rukunin da ƙungiyoyin unguwanni ke bugawa tsakaninsu. A shekarar ne Jean Donnadieu ya zama shugabanta, ɗanshi Pascal kuma ya zama antirena. Shekarar Pascal 23, ma'aikacin banki ne. Da rana yana bakin aiki, da marece yana fili da yara. Ba tsohon shahararren ɗan wasa ba ne, ba wanda ya taɓa jin sunanshi.

Daga nan suka kama hawa. Sau 11 ƙungiyar ta haye daga wani rukuni zuwa na samanshi cikin shekara 24. Ta shiga Pro B, rukuni na biyu na ƙwararru, a 2004. Ta shiga Pro A, rukunin manya, a 2011.

To ku tsaya mu yi ɗan lissafi, don nan ne zancena yake. Hawa 11 cikin shekara 24, ke nan shekara 13 ba a hau ko'ina ba. A Pro B kaɗai sun zauna shekara 7 cur. Shekara ta zo ta wuce, ana buga wasa, ana ci ana cinye su, ana komawa gida ba kofi ba komai. Duk tsawon lokacin nan antirena guda ne. Ba a kore shi ba, shi ma bai tafi ba. Kowa na son ba da labarin ranar da aka ɗaga kofi. Ni shekarun nan 13 na zaman wuri guda su ne suka fi ba ni mamaki, don a cikinsu ne ake korar mutum.

Akwai wanda zai yi dariya ya ce: yo wa zai kore shi, ba ubanshi ne shugaba ba? Gaskiya ne, kuma ba ni ɓoye shi. Har ƙanenshi Frédéric ya riƙe manyan ayyuka cikin ƙungiyar, daga baya ya gaji uban a shugabanci. Da a nan ne, da mun ce ƙungiyar gado ce, kuma da muna da hujja, don mun ga yadda irin haka ke ƙarewa. Ba ni kira ga kowa ya naɗa ɗanshi. Amma ku lura, uba na iya ba ɗanshi kujera, ba ya iya ba shi maki cikin kwando. Hawa 11 ɗin nan a fili aka ci su, gaban alƙalan wasa. Abin da zumuncin ya kawo shi ne wanda ke yanke hukunci ya san aikin kusa-kusa, yana ganin atisaye kullum, kuma in an sha kashi ba ya neman wanda zai ɗora wa laifi don ya wanke kanshi gaban jama'a. Wannan kuwa ba sai da jini ɗaya ake samunshi ba.

Sai shekarar 2013. Shekararsu ta biyu ke nan a Pro A. Cikin ƙungiyoyi 16, kasafin kuɗinsu ne na biyu daga ƙasa, bai kai Yuro miliyan 3 ba, wato ƙasa da miliyar 2 na sefa. A kunnenmu kuɗi ne masu yawa, amma a can abin da wasu ƙungiyoyin Turai ke biyan ɗan wasa guda ne. Sun gama zagayen farko a matsayi na 8, kujerar ƙarshe ta masu shiga wasannin kifa ɗaya kwala. Aka haɗa su da Gravelines, wadda ta zo ta ɗaya, suka fidda ta. Aka haɗa su da Chalon, mai riƙe da kofin, suka fidda ta. Ko wasa guda ba su bari an ci su ba cikin matakan nan biyu.

A ƙarshe sai ga Strasbourg, kuma antirenanta Vincent Collet ne, wanda a lokacin yake horar da ƙungiyar ƙasar Faransa. Wasan farko Strasbourg ta yi musu dukan kawo wuƙa, tazarar ta wuce maki 30. Kowa ya ce to, mafarki ya ƙare, yaro ya gamu da babba. Sai suka ci wasa uku a jere. Abin dariya, ɗakin wasansu na Maurice Thorez ya yi ƙanƙanta ga wasan ƙarshe, dole aka kai su ɗakin Coubertin cikin Paris, nan suka ɗaga kofin a watan Yuni. Ba'amurke David Lighty aka zaɓa gwarzon wasannin ƙarshe. Ƙungiyar da shekara 26 baya take buga wasa da maƙwabtan unguwa ta zama zakaran Faransa, da antirenan nan dai na banki.

Kofin ya ba su damar shiga Euroleague, gasar manyan Turai. A ƙarshen watan Oktoba 2013 suka tafi Basalona suka cinye ta a gidanta, 71 da 67. Masu son Barça na nan Yamai da Damagaram, ku yi haƙuri, ba ni na ƙirƙira ba, kuma basket ne ba ƙwallon ƙafa ba.

Mutane da yawa sun ce sa'a ce ta shekara guda. Sai suka ci Kofin Faransa a 2014. A 2015 suka ci EuroChallenge a garin Trabzon na Turkiyya, gaban magoya bayan masu gida, da maki guda tak, 64 da 63, ƙwallon T.J. Campbell ta shiga a daƙiƙar ƙarshe. A 2017 suka haɗa biyu, Kofin Faransa da FIBA Europe Cup. Waɗannan kofunan Turai ba su kai Euroleague ba, kar in ruɗe ku. Ƙungiyar Faransa guda ce ta taɓa cin babban kofin, Limoges a 1993. Amma sa'a ba ta zuwa sau biyar cikin shekara biyar.

Yanzu amsar ɗan'uwanmu na Tasawa. An haifi Wembanyama a 2004, mahaifinshi ɗan asalin Kwango ne, mahaifiyarshi tsohuwar ƴar wasan basket ce. Yana ɗan shekara 10 ya shiga sashen yara na Nanterre, wato kamar shekara guda bayan kofin 2013. Shekara 7 ya yi a can. Yana da 14 Basalona ta gayyace shi ya buga mata wata gasar yara, ta so riƙe shi, ya koma Nanterre. Yana da 15 Pascal Donnadieu ya sa shi wasan manya na farko. Yau tsawonshi ya haura mita 2 da santimita 20, San Antonio Spurs ta ɗauke shi na ɗaya a zaɓen NBA na 2023. Tsawo baiwa ce daga Allah, ba wanda ya koya mishi. Amma dogayen yara nawa ne aka tsaida ƙarƙashin kwando aka ce musu kai dai ɗaga hannu? A Nanterre an bar shi ya koyi tafiya da ƙwallo da jefawa daga nesa kamar gajere. Irin wannan horon yana son wurin da ba a sauya masu koyarwa kowace damina, inda wanda ya fara da yaro zai iya jiran shekara biyar kafin ya ga amfanin abin da ya shuka.

Kar kuma in sayar muku da mafarki. Tun 2013 Nanterre ba ta sake zama zakaran Faransa ba. Kuɗi sun dawo sun karɓi wurinsu: ASVEL ta Tony Parker, Monaco, sai kuma Paris. Duk ɗan wasan da ya yi fice a Nanterre, shekara mai zuwa mai kuɗi ya ɗauke shi. Wembanyama kanshi yana da 17 ya tafi ASVEL, a 2021. Kuma haƙuri kaɗai ba ya biyan albashi. Ɗakin wasan na gari ne, ma'aikatar magajin gari da jiha suna sa kuɗi, akwai ƙananan ƴan kasuwa da yawa da kowa ke kawo nashi. Akwai kuma tsarin gasa mai matakai da ba ya fashi, wanda ƙaramar ƙungiya ta san in ta ci bana, baɗi tana sama. In babu wannan tsanin, ko Donnadieu goma ne ba su hawa ko'ina. Duk wanda ya ce mini mu kwaikwayi Nanterre gobe da safe, zan tambaye shi ina tsanin.

Amma akwai ɓangaren da ba ya buƙatar Yuro ko guda, kuma shi ne muke zubarwa da hannunmu. Lokacin da nake lise, akwai wani mushe da ke horar da mu a filin unguwa. Siminti duk ya tsage, kwando guda ba raga, ƙwallo biyu, ɗaya kullum tana sacewa. Shekara shida ya yi yana wannan aiki ba wanda ke ba shi ko dala, har ya haɗa yara wajen arba'in, maza da mata. Ran nan wani mai hali ya zo ya sayo rigunan wasa da takalma, muka yi ta murna, aka naɗa shi shugaba. Muka je gasa aka cinye mu sau biyu. Sati bai zagayo ba ya ce mushe ya tsufa, ya kawo wani daga wani gari yana biyanshi jika talatin a wata. Wata huɗu kuɗin suka tsaya, baƙon ya koma garinsu, mai halin ya koma ga harkokinshi. Mushe kuwa zuciya ta hana shi dawowa, kuma ban ga laifinshi ba. Yau filin nan masu wankin babur ne a kai. Ba sai na faɗi suna ba, na tabbata kowane mai karatu daga Tawa har Diffa ya san irin wannan labari, ko a basket, ko a ƙwallon ƙafa.

Shi ya sa nake cewa masu taimakon ƙungiyoyinmu, Allah ya saka, amma sayen riga bai ba ka ikon korar wanda ya tara yaran ba. In za ka taimaka, tambayi mai horarwa me ya rasa, ka ba shi shekara uku kafin ka auna shi, kuma ka auna shi da yawan yaran da suka tsaya suka ƙware, ba da wasa biyu na gasar hutu ba. Mu ma ƴan rediyo muna da namu laifin. Mu ne ke buɗe layi bayan an sha kashi muna tambayar jama'a ko antirena ya tafi ko ya tsaya, don mun san wayoyi za su yi ta ƙara. Na yi haka ba sau ɗaya ba.

Pascal Donnadieu ya aje aikin horar da Nanterre a 2024, bayan shekara 37. Ƴan watanni bayan haka, a wasan ƙarshe na Olamfik a Paris, yana zaune kan benci a matsayin mataimakin Vincent Collet, mutumin da ya kayar a 2013. Amurka ta ci Faransa 98 da 87. Wanda ya fi kowa zuba wa Faransa maki a daren, 26, shi ne yaron da ya shigo ɗakin wasan Nanterre yana ɗan shekara 10.

Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, ina son in gayyato mai horar da yara guda ɗaya cikin shirin, namiji ko mace, wanda ya haura shekara goma a fili guda bai daina ba. In kun san irinshi a unguwarku, ku kira layin shirin ku gaya mini inda zan same shi.