Ƙofar Gwamnati Ta Koma Cikin Waya

A dā, mai buƙata a wurin gwamnati sai ya yi sammako zuwa sakatariya, ya zauna a benci har akawu ya ga dama. Yanzu da yawa daga cikin wannan hidima ta koma intanet. Ɗalibanmu na aji shida sun fi kowa sani: tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, tun 2021 kuma ba a yi wa ɗalibi rajistarta sai da lambar NIN.

Mu dai muna ganin ci gaba ne, gama shafin intanet ba ya tambayar ɗan wane ne kai, ba ya kuma jiran na goro. Amma ba kowa ke iya shiga wannan ƙofa ba. A Yuni 2021 hukumar zaɓe, INEC, ta buɗe shafi inda mutum zai fara rajistar katin zaɓe daga wayarsa, sa'an nan ya je a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Da aka rufe rajista a ƙarshen Yuli 2022, hukumar ta ce fiye da mutum miliyan 7 da suka fara ba su je sun ƙarasa ba. Waɗannan fa masu waya ne, masu karatu. To, ina ga iyayenmu na ƙauye, waɗanda sai sun hau tudu kafin su sami sabis?

Su kan kai kuɗinsu shagon kwamfuta, yaron shago ya cika musu cikin gaggawa. Dattijo ya zama Bitrus a wannan takarda, Peter a waccan, shekarar haihuwa kuma kowace da tata. Akawun dā ya san mutum ɗaya ne. Kwamfuta ba ta sani ba, sai ta riƙe masa fansho ko kuɗinsa na banki.

Saboda haka muna roƙon hukumar makaranta ta buɗe ɗakin kwamfuta ranar Asabar domin 'yan ikkilisiya da maƙwabtanmu Musulmi baki ɗaya. Ku kuma ɗalibai, in kun tafi hutu, ku zauna da zumuntar mata bayan sujada, ku gwada sunan da ke katin kowa da wanda ke takardar bankinta. Wanda ya kai shekara 18 ya fara da nasa katin zaɓen.