RA'AYI: Keffi ta fi ƙarfin a maishe ta hanyar wucewa

Duk yammacin Juma'a ma'aikatan Gwamnatin Tarayya kan yi jerin gwano daga Abuja, su bi ta Nyanya da Mararraba da Masaka, masu zuwa Lafiya da Makurɗi da Jos. Kusan kowannensu sai ya ratsa Keffi, amma kaɗan ne ke tsayawa. Wanda ya tsaya kuwa, ko dai mai zai sha, ko doya zai saya, ko kuma wani dillali ne ya kira shi ganin fuloti a gefen gari, wajejen Jigwada. A ganina wannan asara ce, kuma ba mutanen Keffi kaɗai take ci ba.

Abuja gari ne da aka haifa da takarda. A 1976 aka yi dokar kafa ta, a Disamban 1991 gwamnati ta tare. Yaron da ya tashi a Garki ko Gwarimpa bai taɓa ganin ƙofar gari ba sai ta siminti da ke kan hanyar filin jirgi. Alhali tafiyar kilomita hamsin da 'yan kai ce tsakaninsa da garin da Abdu Zanga, wani Bafulatani da ya gangaro daga arewa, ya kafa tun wajejen 1800. Sunan kansa tarihi ne, domin daga “kafi” ya samo asali, wato shingen itace da ake kewaye gari da shi saboda mahara. Garin ya zauna ƙarƙashin Zazzau, ya zama zangon fatake masu haɗa ƙasar Hausa da kogin Binuwai. Bajamushen nan mai yawon duniya, Gerhard Rohlfs, ya yada zango a nan a 1867, a tafiyarsa daga Tarabulus zuwa Ikko, kuma da sunan Abdu Zanga ya rubuta garin.

Baƙo ya fara da ƙofar fada, domin a cikin wannan tsohon gari ne aka yi abin da ya sa Keffi ta shiga littattafan tarihi. A watan Oktoban 1902, Razdan na Turawa, Kyaftin Moloney, ya nemi Magaji Ɗan Yamusa ya zo gabansa. Magajin shi ne wakilin Sarkin Zazzau a garin, kuma a lokacin ƙarfinsa ya fi na sarkin Keffi. Maganar ta ɓaci, Magaji ya fito bisa doki ya kashe Baturen, ya kama hanyar Kano. Sarkin Kano Alu ya karɓe shi hannu bibbiyu, wannan karɓa kuwa tana cikin manyan hujjojin da Lugga ya kafa ya tura sojoji. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato ta biyo baya a watan Maris, shi kuma Magaji ya cika a Burmi a watan Yulin wannan shekara, a yaƙin da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Duk wanda ya yi nazarin yadda Daular Usmaniyya ta faɗa hannun Ingila, to, sai ya bi ta Keffi, ko ya taɓa taka ta ko bai taɓa ba.

Daga fada sai Dutsen Moloney, inda kabarin Kyaftin ɗin yake. A hau da sassafe, kafin rana ta yi zafi, da takalmin da ba ya santsi. Daga can sama ana ganin yadda garin ya bazu ya cinye gonaki. Abin da ya kamata mai hawa ya tsaya ya yi tunani a kai shi ne, dutsen sunan wanda aka kashe yake ɗauke da shi, sunan Yamusa kuwa a fada ya rayu, har zuwa kan Mai Martaba Sarkin Keffi na yanzu, Dakta Shehu Chindo Yamusa na Uku, wanda ya gaji mahaifinsa a 2015.

A nan ne nake rabuwa da masu son a mayar da labarin tatsuniyar gwarzo da azzalumi. Gaskiya ne Magaji ya ƙi sunkuyar da kai ga baƙin da suka zo da bindiga, wannan ba ƙaramar jarumta ba ce. Gaskiya ne kuma ƙarfin Keffi na wancan zamani ya dogara ƙwarai ga hare-haren kamun bayi a kan al'ummomin da ke kewaye da ita, kuma jikokinsu suna nan, da su ake zaune a jiha ɗaya, a ofis ɗaya a Abuja. Abin da wani ke tunawa da alfahari, wani da ɗaci yake tuna shi. Mai ziyarar da ya saurari dattijon fada, ya kamata ya nemi dattijon ƙauye shi ma ya ji ta bakinsa. Ma'aikacin da ke rubuta wa minista jawabi kan haɗin kan ƙasa zai ƙaru da wannan yini guda fiye da taron bita uku a otal.

Sai Kwalejin Gwamnati ta Keffi, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun Arewa, inda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi sakandare daga 1965 zuwa 1969. A nemi izini a ƙofa, a zaga da yara su ga azuzuwan. Akwai jami'ar jiha, akwai filin wasan folo ga mai sha'awar dawaki, in kuma an dace da lokacin Sallah, ga hawan sarki ba sai an je Kano ko Katsina ba. Kasuwa ba ta buƙatar talla, matan Abuja sun riga mazajensu sanin farashin doya da gari a can.

Wani zai ce, ai babu abin gani, ba allunan bayani, ba ɗan jagora mai takarda, ga cunkoson Mararraba. Ƙorafin yana da tushe. Sai dai a tambaya, wa ke riƙe da fayilolin? Hedikwatar hukumar da ke kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi na ƙasa tana Abuja, ma'aikatar al'adu tana Abuja, masu tsara kasafi da masu taimaka wa 'yan majalisa duk suna Abuja. Wurin da jami'i bai taɓa takawa ba, da wuya ya tuna da shi ranar raba kuɗi. Allon bayani a gindin dutse, da matakala, da horar da matasa biyar su zama 'yan jagora, ba aikin biliyoyi ba ne.

Lokaci kuma ba ya jira. Kuɗin Abuja ya riga ya iso Keffi, sai dai ta hannun dillalan filaye ya shigo. A mazaɓun gefen gari irin su Jigwada, gonar da aka noma bara, bana turakun siminti ne a cikinta. Ba laifi ba ne ma'aikaci ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa bayan ritaya, hayar Abuja ta kori kowa. Amma wanda zai sayi fuloti a Jigwada, ya kyautu ya fara zuwa gaida mai unguwa, ya tambayi sunan wurin na asali da wanda ya fara sare dajin, ya kuma rubuta abin da aka faɗa masa, domin dattawan da suka ji labarin Magaji daga bakin kakanninsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Asabar ta fi dacewa. A bar Abuja bayan sallar asuba, kafin Mararraba ta farka, a fara da dutse, a sauko fada da hantsi, a yi azahar a cikin gari, a juyo kafin la'asar sakaliya.