Gasar Maƙeran Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Duk akawun da ya zauna gaban kwamfuta a Gidan Murtala, nan Ƙofar Nassarawa, in ya duba jikinta galibi zai ga 'yar takarda manne, an rubuta Intel ko kuwa AMD. Waɗannan kamfanoni biyu ne na Amurka masu yin ƙwaƙwalwar na'urar, watau ɗan abin nan da bai fi akwatin ashana faɗi ba, wanda shi ke yin dukan lissafi.

Kishin nasu tsoho ne. An kafa Intel a 1968, AMD kuwa a 1969, kuma shekara da shekaru AMD yana bin sawu ne kurum, kamar ƙane mai sa kwancen wansa. Har ta kai a 2009 ya rabu da gidajen ƙirarsa don nauyinsu ya fi ƙarfinsa, ya koma zana fasali kaɗai, wani ya ƙera masa. Aka ce ya mutu ke nan. Ashe abin alheri ne, gama daga baya ya sami damar kai aikinsa ga TSMC na Taiwan, wanda ya tsere wa kowa gwaninta, alhali ƙirar Intel tana ta jinkiri. Tun fitowar Ryzen a 2017 AMD yake cin kasuwa. A 2024 Intel ya yi hasarar fiye da dala biliyan 18, a 2025 kuwa har gwamnatin Amurka ta karɓi wajen kashi 10 cikin ɗari na jarinsa.

A ganina dai Intel ba zai faɗi ba, domin Amurka ba za ta yarda a ce ba ta da maƙeri na gida ba. Shi kuwa AMD, nasarar nan tasa duk a tsibiri guda take rataye, tsibirin da ƙasar Sin ke cewa nata ne.

To, ga inda abin ya shafe mu. Da yawa cikin kwamfutocin da ke kasuwanninmu na hannu ne. Microsoft ya rufe kulawar yau da kullum ga Windows 10 a Oktoba 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar galibin ƙwaƙwalwar da aka ƙera kafin 2017. Saboda haka malamin da aka danƙa wa kuɗi ya sayo wa makarantarsa, kada ya tsaya gardamar Intel ko AMD da mai kanti. Ya tambayi shekarar da aka ƙera ƙwaƙwalwar, a rubuta masa a rasit.